Tanadin Fuskantar Cikas a Aikin Ɗalibai na Shirya Fim ko Shirin Rediyo

Abin da ake nufi da tanadin cikas shi ne hango abubuwan da ka iya kawo wa aiki tarnaƙi tun kafin a soma shi, tare da tsara yadda za a ɓullo musu. A darasin Hausa akan ɗora wa ɗalibai shirya gajeren fim ko shirin rediyo a kan wata sana'a ko al'ada. Ya wajaba malamin da zai jagorance su ya san cewa galibin abin da ke rusa irin wannan aiki ba daga na'ura yake tasowa ba, daga jama'a da yanayi yake tasowa.

A ɗauki misalin ɗaliban da za su naɗi shiri a kan masuntan madatsar ruwa ta Challawa da ke ƙaramar hukumar Ƙaraye, wadda aka kammala ginawa a 1992. Cikas na farko, kuma mafi girma, shi ne rashin izini. Baƙon da ya ɗaga kyamara a ƙauye ba da sanin mai unguwa da dagaci ba, zai iske bakin kowa a rufe, ko ma a sallame shi. Don haka sai takardar makaranta ta riga ɗalibai isa, kuma a tabbata an rubuta ta ga wanda ya dace, domin tsarin sarauta kan sauya. An ƙirƙiro masarautar Ƙaraye a 2019, aka rushe ta a watan Mayun 2024, sannan a cikin shekarar aka maido da ita a matsayin mai daraja ta biyu, ta ƙunshi Ƙaraye da Rogo. Bayan masu sarauta akwai shugaban masunta, akwai kuma magidanta. Idan ana son jin ta bakin matan da ke soya kifi a cikin gida, ɗalibai mata ne za su shiga, da yardar maigida.

Ba ƙaramin aiki kaɗai rashin tuntuɓa ke kayarwa ba. A 2016 gwamnatin tarayya ta janye shirin gina dandalin finafinai a Ƙofa, cikin ƙaramar hukumar Bebeji, sakamakon adawar malamai da jama'a. In kuwa za a nuna fim ɗin a bainar jama'a, akwai Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001.

Sai yanayi. A watan Agusta marka kan ɓata hanyoyin karkara, a lokacin hunturu kuwa hazo kan dusashe hoto, iska ta cika makirfo da ƙugi. Da kaka manomi ba shi da lokacin hira. Masunci kuma sammako yake yi, wanda ya iso da hantsi sai ya tarar an watse. Saboda haka kowace ranar ɗauka a ware mata ranar maye, kowane mai bayar da bayani a nemo masa madadi.

Batun kayan aiki mai sauƙi ne: a cika batura tun daga gida, kada a dogara da wutar lantarki, kuma a kwafe abin da aka naɗa a wuri biyu a ranar da aka naɗe shi. A kuma keɓe wani kaso na kuɗin aikin, kada a taɓa shi sai ta ɓaci.

Inda bai kamata malami ya yi sassauci ba shi ne lafiyar ɗalibai, domin amana ce iyaye suka damƙa masa. Kada ɗalibi ya shiga kwalekwale ba rigar kariya, komai kyawun hoton da za a samu daga tsakiyar ruwa. Rogo kuwa tana iyaka da jihohin Kaduna da Katsina, don haka kafin a nufi ƙauyukan bakin iyaka sai an ji ta bakin hakimi da jami'an tsaro, kuma a tsara tafiyar yadda za a dawo kafin magariba.