A-kori-kurarka Ta Fara Shan Mai? Duba Giya Kafin Ka Taɓa Injekta

Idan kana da a-kori-kura mai amfani da man dizal, wanda muka fi kira gas, kuma da ita kake jigilar kifi daga Wara ko albasa da shinkafa daga ƙauyukan Yauri da Shanga, to ka san ranar da mota ta fara shan mai fiye da yadda ta saba, ribar lodi ce ta fara zurarewa. Abin da aka saba yi shi ne a garzaya wajen mai gyaran injekta. Ya kwance, ya wanke, ya sa sababbin nozul, ka biya kuɗi masu kauri, bayan mako biyu ka ga mota tana nan yadda take. Haka ta faru da motar wani kawuna har sau biyu, kafin a gano ashe kuloci ne ya cinye.

Kafin komai, ka auna. Allurar tanki ba ma'auni ba ce, kuma "na ji kamar tana sha" ba lissafi ba ne. Cika tanki har baki, rubuta kilomitan da ke kan mita, yi aikinka na 'yan kwanaki, sannan ka koma famfon da ka sha da farko ka sake cikawa. Litar da ta shiga ita ce abin da ka ƙona. A ce ka yi kilomita 300 ta ɗauki lita 30, wato lita 10 kenan a kowane kilomita 100. In wata rana ta ɗauki 39 a hanya ɗaya da lodi iri ɗaya, ta koma 13. Mai yin kilomita 2,000 a wata ya yi asarar lita 60 kenan, sai ka buga da farashin yau. Wani abin lura: in ka canja tayoyi zuwa manya, mita za ta riƙa ƙirga ƙasa da tafiyar da ka yi, sai lissafi ya nuna shan mai da ya fi na gaskiya.

To, ina man yake zuwa? Lita ɗaya ta dizal tana ɗauke da makamashi kusan kilowat-awa 10. Inji mai lafiya, a lokacin da ya fi ƙoƙari, kashi 35 zuwa 40 cikin 100 kawai yake mayarwa ƙarfin juyawa, sauran ya tafi a zafi ta salansa da lagireto. Wannan ɗan abin da ya samu kuma sai ya bi ta kuloci, ya shiga akwatin giya, ya bi furofela, ya isa aksul, sannan ya kai taya. Duk inda ya zube a wannan hanya, ƙafarka ce za ta ƙara danna totur don a cike gurbin, ba tare da ka ma lura ba. Shi ya sa matsalar giya da shan mai sau da yawa ciwo ɗaya ne, kuma inji ba shi da laifi.

Fara da kuloci. Faifai ne mai fata a fuska biyu, wanda sifirin ke matse shi a jikin injin don su juya tare. In fatar ta cinye, ko baƙin mai ya ɗiga a kanta, sai ya riƙa zamewa: inji na juyi 2,500 a minti, amma abin da ke isa giya bai kai haka ba, bambancin ya zama zafi. Gwajinsa ba ya buƙatar sifana. Sami miƙaƙƙen titi da babu jama'a, sa giya ta huɗu kana tafiya a hankali, sannan ka danna totur sosai. In ƙarar inji ta tashi, allurar juyi ta haura amma gudun mota bai bi ta ba, kuloci na zamewa. Wani lokacin har ƙauri za ka ji, irin na birki da ya ƙone.

Yankinmu kuwa gwanin cin kuloci ne. Tun da aka kammala madatsar Kainji a 1968, ruwan tafkin hawa yake yana sauka kowace shekara, kuma wurin da jirage ke sauke kaya yana bin ruwan. In ya ja baya, sai mota ta ratsa yashi da taɓo kafin ta isa inda kwandunan kifi suke. Direba ya yi lodi ya wuce kima, taya ta nutse, sai ya riƙe kuloci rabi-da-rabi yana ba ta wuta. Minti biyu na wannan ya fi tafiyar wata guda a kwalta cin fata. Motar da ke da ƙaramar giya, wadda aka rubuta L4 a jikin sandarta, don irin wannan wuri aka yi ta. Sa ta, saki kuloci gaba ɗaya, bar mota ta ja kanta.

Amma fa kana hawa kwalta ka cire. A nan ne mutane da yawa ke yi wa kansu ɓarna. Hilux da ire-irenta, in ka sa H4 ko L4, ƙafafun gaba da na baya ana ɗaure su ne su juya daidai da juna. Alhali a kwana, tayoyin gaba sun fi na baya yin tafiya. A yashi ba damuwa, taya za ta ɗan zame ta sauke bambancin. A kan babban titin da ya taso daga Kontagora ya ratsa Yelwa zuwa Koko da Jega, babu zamewa, sai ƙarfen furofela da haƙoran giya su riƙa murɗuwa. Sitiyari ya yi nauyi, taya ta riƙa goguwa, mai ya tafi a banza. In sandar ta ƙi fita, kar ka yi mata ƙarfi. Ja da baya kaɗan a miƙe, za ta saki. Mai tsohuwar mota da ake kulle ƙafar gaba da hannu, ya tuna ya sauka ya buɗe.

Sai ruwa. Akwatin giya da aksul suna da ɗan hanci da suke numfashi ta cikinsa. Ka yi tafiya sun yi zafi, ka faɗa rafi da damina a hanyoyin Ngaski, ƙarfe ya huce nan take, iskar ciki ta tsuke, sai ta zuƙo ruwa. Kwance ƙusar duba mai ka taɓa da yatsa. In ya koma kamar shayi mai madara, ruwa ya shiga, kuma irin wannan mai ba ya hana ƙarfe cin ƙarfe. Daga nan ne kukan aksul da wahalar shigar giya ke farawa. A juye shi a ranar. Bakanike mai dabara yakan ƙara wa hancin tiyo ya ɗaga shi sama, aikin da bai kai kuɗin boris ɗaya ba.

Mai otomatik, naka gwajin ya ɗan bambanta. Man giyarka ja ne. In ya yi duhu yana ƙauri, zafi ya dafa shi. Kuma a gudun titi akwai wani kuloci na ciki da ya kamata ya kama. In ka ga juyin inji ya fi yadda ka saba a gudu ɗaya, ko yana hawa da sauka ƙafarka ba ta motsa ba, a sa kwamfuta a duba.

Birki da taya ba sa ɗaukar lokaci. Bayan tafiya, kusanta hannunka da kowace ƙafa ba tare da ka taɓa ba; wadda ta fi sauran zafi, birkinta na kamawa ko boris ya mutu. Iskar taya kuma a auna ta da ma'auni da safe, ba da bugun ƙafa ba, musamman in ka rage ta don yashi.

Sai ka gama da waɗannan sannan ka waiwayi inji, shi ma daga mai arha. Dizal ba shi da fulogi. Iska ake matsewa har ta yi zafin da mai zai kama da kansa. Saboda haka iska ita ce rabin aikin. Baƙin hayaƙi yana nufin mai ya fi iska yawa, kuma da hunturu ƙura kan toshe matatar iska cikin ɗan lokaci. Shuɗin hayaƙi baƙin mai ne ke ƙonewa. Fari kuma, in inji ya riga ya yi zafi, ko dai man bai ƙone ba ko ruwa na shiga. Ƙarƙashin matatar mai akwai wurin da ruwa ke taruwa, a riƙa tsiyaye shi, balle ga mai sayen mai a jarka wajen 'yan bumburutu. Injinan zamani irin 2KD da 1GD suna tura mai da matsin da ya haura ba 1,500, kuma man da kansa ne ke shafe famfon, don haka ruwa ko haɗin kananzir na kashe su da wuri fiye da tsohon 5L.

Akwai al'adu biyu da ni kam ban yarda da su ba. Na farko, cire tamostat wai don ƙasarmu da zafi. Inji an yi shi ne ya yi aiki a wajen digiri 80 zuwa 90. In bai kai ba, ƙonewar mai ba ta cika. Na biyu, sa mota firi a gangara. Injin zamani, in yana cikin giya ka ɗaga ƙafa, yanke mai yake gaba ɗaya, amma a firi dole ya sha don kar ya mutu, ga shi ka bar birki shi kaɗai da lodin albasa.

In duk ka bi waɗannan lissafi bai sauko ba, to yanzu je wajen mai injekta. Ka ce masa ya gwada nozul ɗaya bayan ɗaya a kan na'ura kana tsaye, ya nuna maka wanda ke ɗiga maimakon feshi, kafin a yi maganar saye. Bayan gyara kuma ka sake cika tanki har baki, ka rubuta mita.