A Raba Ta da Gida, Ko A Zauna da Ita Gaban Kwano?

A Jama'a ko Samaru, idan budurwa ta fara ture kwanon tuwo tana ramewa, sai a ce maye ya kama kurwarta, ko an yi mata sammu. Ba kasafai ake kawo ciwon da likitoci ke kira anoreksiya ba, inda tsoron ƙiba ke sa yarinya ta ga kanta da jiki alhali ƙasusuwan wuyanta duk sun fito. Ciwon yana kisa.

Hanya biyu likitoci suka bi. Ta farko ta William Gull ce, likitan Ingila da ya raɗa wa ciwon suna a 1873. A ganinsa dangi ne suka fi kowa ɓata jinya, gara a ɗauke yarinya daga hannunsu. Kwantarwa a asibiti tana ceton rai idan bugun zuciya ya raunana, amma ranar sallama gidan da yarinyar ta bari za ta koma, wurin iyayen da ba a koya musu komai ba.

Ta biyu daga asibitin Maudsley na Landan ta fito. A 1987 Gerald Russell da abokan aikinsa suka nuna cewa matasan da ciwon bai kai shekara 3 a jikinsu ba sun fi samun sauƙi idan aka sa iyaye cikin magani. Uwa da uba ke karɓar ragamar abinci, su zauna da yarinyar har ta cinye, sannan a riƙa mayar mata da ragamar sannu a hankali.

Ni wannan na fi yarda da ita, don ta dace da gidajenmu, inda ga inna, ga goggo, ga kaka, kuma ba a rasa mai zama gaban kwano. Sai dai yawan nan yana da nasa haɗari. Binciken Maudsley ya gano cewa inda iyaye ke yawan tsangwama, magani yakan yi nauyin tafiya, har gara likita ya gana da su daban, da yarinyar daban. Mu kuwa bakinmu ba ya shiru: “Dubi yadda kika koma tsinke, wa zai aure ki?” Mai faɗin haka tsoro ne ya cika ta, amma yarinyar gori take ji.

Daga Samaru zuwa asibitin koyarwa na Shika tafiyar mintoci ce. Ranar zuwa, uban ma ya bar aiki ya bi yarinyar da uwarta, ya shiga ɗakin likita ya zauna.