Karatun Likita Bayan Ya Karɓi Satifiket

Likitan da ya gama karatunsa a Ibadan ko Zariya cikin 1980 ya fito ne da wani abu guda wanda ba ya shakkarsa ko kaɗan, watau in an kawo yaro da zazzaɓin cizon sauro a ba shi kulorakwin. Haka malamansa suka koya masa, haka ya ke a rubuce cikin littattafansa, kuma a wannan zamani gaskiya ne. Amma ƙwayar cutar ba ta tsaya inda littafi ya bar ta ba. Tun cikin 1978 aka fara ganin kulorakwin yana kasawa a Afirka ta Gabas, kafin shekarun 1980 su ƙare abin ya iso Nijeriya. Cikin 2005 Gwamnati ta janye shi daga zama maganin farko, ta maye gurbinsa da magani mai haɗin atemisinin. Cikin 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a riƙa gwada jini tukuna kafin a ba da magani. Cikin wannan shekara kuma aka bayyana sakamakon wani gwaji da aka yi kan yara 5,425 a ƙasashe tara na Afirka, wanda ya nuna allurar atesunet ta fi kwini ceton rai in zazzaɓi ya yi tsanani, har ya sa Hukumar ta sake shawararta cikin 2011. To, wannan likita in bai sake zama gaban wani malami ba tun ran da ya bar makaranta, sau uku ke nan ilminsa ya tsufa kan cuta guda, cutar kuwa ita ce wadda ya fi gani kullum. Satifiket ɗinsa yana nan rataye a bango, ba abin da ya same shi.

Wannan shi ne dalilin abin da a ke kira ci gaba da neman ilmi ga ma'aikatan lafiya. Ya haɗa da kwas na 'yan kwanaki, da taron bita, da zaman da likitoci kan yi a asibitinsu su duba yadda wani majiyyaci ya rasu, da karanta mujallu, da manyan tarurrukan shekara-shekara na ƙungiyoyinsu.

Da farko abin na ganin dama ne. Likita mai himma ya kan nemi hutu ya tafi wani babban asibiti ya ƙaro sani, kamar makarantar da aka buɗe a Hammersmith ta birnin Landan cikin 1935 musamman domin likitocin da suka riga suka fara aiki. Marar himma kuwa ba mai tambayarsa. A Amurka aka fara ɗaure abin da ƙa'ida. Cikin 1947 ƙungiyar likitocin da ke duba kowace irin cuta ta sa wa 'ya'yanta sharaɗin awa 150 na karatu cikin kowace shekara uku, sa'an nan cikin 1971 jihar New Mexico ta mai da shi doka ga mai son sabunta lasin. Ingila ba ta kai ga irin wannan ba sosai sai cikin Disamba 2012, da aka fara sake tantance kowane likita bayan shekara biyar-biyar.

A Nijeriya makarantar likita ta farko ita ce ta Yaba, 1930, sai ta Ibadan 1948, ta Jami'ar Ahmadu Bello kuwa 1967. Shekaru da yawa duk wanda ya ke so ya ƙware a wani fanni sai ya ƙetare teku. Likitocin fiɗa na Afirka ta Yamma suka kafa ƙungiyarsu a Ibadan cikin 1960, wadda daga baya ta zama Kwaleji, aka kafa takwararta ta likitocin cututtukan jiki cikin 1976, kana Kwalejin Ƙasa ta ƙwarewar likitoci cikin 1979. Waɗannan su ke horad da ƙwararru, su ke kuma shirya kwasa-kwasan sabunta ilmi. Hukumar da ke riƙe da rajistar likitoci da likitocin haƙori ta wajabta wa kowane likita ya tara maki 20 na irin wannan karatu a shekara kafin a sabunta masa lasin, nas da ungozoma su ma hukumarsu ta sa musu nasu kwas na dole.

Manyan tarurruka amfaninsu daban ne da na kwas, kuma an cika raina su, ana cewa cin abinci ne da ɗaukar hoto. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, amma ba ita ce gaskiyar duka ba. Daga 1976 zuwa 1979 Farfesa Kelsey Harrison da abokan aikinsa suka rubuta bayanin haihuwa 22,774 a asibitin Zariya, aka buga sakamakon cikin 1985. Binciken ya nuna a fili cewa matan da ba su zuwa awo, waɗanda ba a kawo su sai naƙuda ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, su ne mutuwa ta fi ɗauka, haka kuma 'yan mata masu ƙarancin shekaru da waɗanda ba su yi makaranta ba. Irin waɗannan alkaluma na cikin abin da ya ta da hankalin masana, har aka yi taron Nairobi na 1987 kan kare rayukan mata masu haihuwa. Haka kuma taron Alma-Ata na 1978 shi ne tushen tsarin kiwon lafiya matakin farko wanda Farfesa Olikoye Ransome-Kuti ya dage a kansa sa'ad da ya ke Ministan Lafiya, daga 1985 zuwa 1992. Watau taro ya kan juya hankalin hukuma, ya sa a ware kuɗi. Abin da taro ba ya iyawa shi ne ya sake yadda hannun ungozoma ke aiki da ƙarfe biyun dare a wani asibitin karkara. Wannan aikin horo ne, kuma labarin jijjiga a Kano ya isa misali.

Jijjiga, wadda waɗansu ke kira taune-taune, ita ce farfaɗiyar da kan kama mace mai ciki, ko mai naƙuda, ko maijego, sabo da hawan jini na ciki. Ta fi kama masu cikin fari, kuma tana cikin manyan abubuwan da ke kashe mata wajen haihuwa a ƙasar Hausa. Maganinta wani gishiri ne mai arha da a ke kira maganiziyam salfet. Tun cikin 1995 wani babban gwaji ya tabbatad da cewa ya fi dayazifam hana jijjigar dawowa, cikin 2002 kuma wani gwajin, kan mata fiye da 10,000 a ƙasashe 33, ya nuna yana rage haɗarin kamuwa da ita da fiye da rabi. An buga wannan a mujallu, an yi ta laccoci a kai a tarurruka. Duk da haka shekaru goma sha bayan gwajin farko asibitoci da yawa na Arewa suna nan kan dayazifam.

Me ya hana? Wani lokaci ba maganin a sito. Amma babban dalili tsoro ne, tsoron kuwa yana da tushe, domin in maganin ya yi yawa a jiki ya kan tsai da numfashi. Ma'aikaci ya ji a lacca cewa magani ne mai kyau, ya kuma ji cewa yana iya kisa, to a tsakar dare, ba wani babba kusa, wanne zai tuna? Sai ya ɗauko wanda ya saba da shi. Abin da ke kawad da wannan tsoro ƙaramin ilmi ne na hannu. A san awon farko, giram 4 ta jijiya da giram 5 a kowane ɗuwawu, sa'an nan giram 5 bayan kowace awa huɗu. Kafin kowace allura a ƙwanƙwasa gwiwar mai ciwon a ga ƙafa ta zabura, a ƙirga numfashinta, a auna fitsarin da ta yi. In ɗaya ya kasa a dakata, makarin kuwa, watau kalsiyam gulukonet, ya zama yana ajiye kusa. Duk wannan ungozoma tana iya koyonsa cikin 'yan kwanaki, in an sa ta yi da hannunta gaban wanda ya iya.

Cikin 2008 aka yi haka a manyan asibitoci goma na Jihar Kano. Aka horad da likitoci da ungozomomi, su kuma suka koma suka horad da abokan aikinsu, aka tanadi maganin, aka rubuta ƙa'idar ba da shi a sauƙaƙe. Kafin wannan shiri, cikin matan da aka kawo da wannan ciwo wajen kashi 21 cikin ɗari ke rasuwa. Bayansa abin ya sauko ƙasa da kashi 3. Maganin ba sabo ba ne, ilmin ma ba sabo ba ne, shekara goma sha uku ya yi yana jira a mujalla. Ya kamata malaman kwalejojin horo su lura da abu uku da suka haɗu a nan, domin in an cire ɗaya sauran ba su tsayawa: an koyar da hannu, an koyar da waɗanda ke tsaye kan majiyyaci da gaske, an kuma ba su kayan aikin a lokacin da abin bai huce a kansu ba. Nazarin da masana suka yi ta tarawa kan tarurrukan ilmi na likitoci ya zo daidai da wannan. Lacca zalla, mutum ɗaya na magana ɗari na saurare, kaɗan ta ke sake halin ma'aikaci, wadda aka gauraya da gwaji da muhawara ta fi ta tasiri. Irin wannan hanya ta koyo gefen gado ita ce Dokta Kees Waaldijk ya bi shekaru da yawa a asibitin Babbar Ruga ta Katsina, inda likitoci da nas daga ƙasashe da dama suka koyi ɗinkin yoyon fitsari.

Tsarin maki yana da aibinsa, ba kuwa ɓoyayye ba ne. Maki halarta ya ke aunawa, ba fahimta ba, sabo da haka ana samun mai sa hannu a takarda da safe ya dawo da la'asar karɓar shaida. Kuɗin zama da a kan raba a bita ya mai da ita wata hanyar samu, har ya zama wanda a ke turawa sau da yawa shi ne mai ofis, ba mai ɗakin haihuwa ba. Kamfanonin magani su kan ɗauki nauyin taro, ba laifi ba ne a doka, amma wanda ya ci ladan kuturu an san abin da ke kansa. Mafi nauyi duka, tarurrukan a Legas da Abuja da manyan birane a ke yinsu, likitan da ya fi bukatarsu kuwa shi ne wanda ke shi kaɗai a asibitin ƙaramar hukuma, in ya tafi kwana uku ba mai yi wa mace fiɗa. Tun daga annobar korona ta 2020 an yawaita yin laccoci ta intanet, wannan ya rage wahalar tafiya ga mai wuta da hanyar sadarwa. Sai dai ba a koyon ƙwanƙwasa gwiwa ta waya.

Akwai kuma wata matsala wadda ta shafi masu nazarin Hausa kai tsaye. Kusan duk wannan karatu da Turanci a ke yinsa, aikin kuwa a Arewa da Hausa a ke yinsa. Tsakanin ɗakin lacca da gadon majiyyaci akwai fassara, an bar wa kowane ma'aikaci ya yi tasa, ba wanda ya koya masa, ba kuma mai duba ta. Sunayen cututtuka na Hausa ba su faɗa daidai kan na likita ba. In mutum ya ce yana da shawara, yana iya zama ciwon hanta, ko zazzaɓin shawara, ko fashewar ƙwayoyin jini irin ta mai sikila, domin duk suna sa ido ya yi rawaya. Basir a bakin jama'a ya ɗauki abubuwa da yawa na ciki da baya waɗanda likita ba zai kira su da wannan suna ba. Sanyi ya fi su duka faɗi, ya kama daga ciwon gaɓoɓi har cutar da a ke ɗauka ta jima'i. Jijjiga kanta, iyali da yawa iska su ke ɗaukarta, sai su fara da hayaƙi da tofi kafin su nemi mota. Ungozomar da ta iya awon maganin sarai, amma ba ta da kalmomin da za ta gaya wa miji da uwar miji cewa ciwon kai mai tsanani da kumburin fuska da ganin dishi-dishi su ne gargaɗin jijjiga, to ba za ta ga mai cikin ba sai an kawo ta a sume.

Wannan aiki ba baƙo ba ne ga harshen. Hukumar Hausa da aka kafa cikin 1955 ta yi ƙoƙarin daidaita kalmomin sababbin fannoni, masana irin su Lewis Wall, wanda littafinsa kan maganin Hausawa ya fito cikin 1988, sun tattara yadda mutanen karkara ke rarraba cututtuka. Amma kaɗan daga wannan ya shiga kwas ɗin da a ke yi wa ma'aikatan asibiti. Likitan da ya zo bautar ƙasa daga Kudu ya kan koyi "ina ke ciwo" da "sau uku a rana" daga bakin masinja. Wanda aka haifa a Kano ma, da ya ke da Turanci ya yi karatun, ya kan rasa yadda zai bayyana hawan jini ga tsohuwa ba tare da ta ɗauka jini ne ya yi mata yawa a cire ba. Da za a lasafta zaman awa biyu kan yadda a ke yi wa majiyyaci bayani da Hausa cikin abin da ke ba da maki, malamin Hausa da likita su shirya shi tare, sassan Hausa na Kano da Zariya da Sakkwato suna da mutanen da za su iya, kuma kowane ɗayan waɗannan garuruwa uku yana da asibitin koyarwa.