Abdullahi Bature a Fadar Sarkin Musulmi Bello

Ranar 16 ga Maris 1824 wani Bature ya shiga Sakkwato tare da mahayan da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya aika su taryo shi. Sunansa Hugh Clapperton, hafsan sojan ruwan Ingila, haifaffen ƙasar Sikotlan, amma da sunan Abdullahi aka san shi a Barno da ƙasar Hausa. Shekara biyu ke nan yana tafe. Su uku suka taso daga Tarabulus suka ƙetaro Sahara, shi da Manjo Denham da Likita Oudney, suka iso Kukawa wurin Shehu Laminu a farkon 1823. Denham ya tsaya a Barno. Oudney ya biyo Clapperton yamma, ajali ya tare shi kusa da Katagum a watan Janairu 1824. Clapperton ya binne shi ya ci gaba. Da zai shiga Kano sai ya sa kayan sarki, yana tsammanin gari zai fito kallonsa. Shi da kansa ya rubuta cewa ko waiwayo babu wanda ya yi, kowa na harkar gabansa.

A Sakkwato an danƙa shi a hannun Waziri Giɗaɗo ɗan Laima, mijin Nana Asma'u, washegari kuma aka kai shi gaban Bello. Lokacin Bello ya ɗan haura shekara arba'in, yana shekara ta bakwai da gadon mahaifinsa Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, ya kuma riga ya wallafa littafinsa Infaƙul Maisuri tun 1812. Malami ne kafin ya zama sarki, tambayoyinsa ma na malami ne. Ya tambayi baƙonsa ko shi mabiyin Nasturiyya ne, ko kuwa yana cikin mabiyan Sosinus, waɗanda ba su yarda da aƙidar uku cikin ɗaya ba. Clapperton ya ce shi Furotestan ne. Bello ya nemi bayani, ya bi da wata tambaya, ya ƙara wata, har sojan ya amsa cewa iliminsa na addini bai kai nan ba. Mutumin da ya sha rana da ƙishirwa don ya ga abin da ke tsakiyar Afirka ya tarar da sarkin da ya fi shi sanin rabe-raben Kiristoci.

Sai Bello ya sa aka fito da waɗansu littattafai na Turanci. Na Denham ne. A 1823 Denham ya bi wata rundunar Larabawa da Barebari da mutanen Mandara da ta kai hari garin Fulani na Musfaya. Aka fatattake su, jagoran Larabawan ya mutu da dafin kibiya, Denham ya sha da ƙyar ba ko riga a jikinsa, kayansa kuwa suka bi hannu hannu har suka iso Sakkwato. Bello ya tambaya: me abokinka yake yi cikin masu kai wa jama'armu hari? Clapperton ya ce kallon ƙasa kawai ya kai shi. Bello ya karɓi uzurin, ya mayar da littattafan a kai wa mai su. Wannan karamci ne, amma kuma sanarwa ce. Sarkin ya nuna wa baƙon cewa ya san ta ƙofar Barno suka shigo, ya kuma san da wa aka ga ɗan'uwansa.

Kusan mako bakwai suka yi suna zama a kai a kai. Clapperton ya kawo kyautar bindigogi da madubin hangen nesa da kamfas, ya kuma nuna na'urorinsa na auna tsayin rana da taurari. Da ya buɗe taswirar sama, Bello ya riƙa ambaton buruji da taurari da sunayensu na Larabci. Ya tambayi yadda jarida take, ya yi mamakin jin cewa dubbai ake bugawa kowace safiya. Wata rana wani ƙaramin akwatin na'ura ya ƙi buɗuwa, Clapperton ya nemi a miƙo masa wuƙa ba tare da tunanin inda yake zaune ba. Ya ce nan take ya ga Bello ya ja takobinsa kusa. Ya ɓalle murfin, ya mayar da wuƙar, aka ci gaba da hira kamar ba a yi ba. Ana sakin fuska, ana sha'awar juna, amma kowa idonsa biyu.

Tambayoyin da suka fi nauyi ba na taurari ba ne. Bello yana da labarin duniya ta bakin alhazai da fataken Sahara. Ya tambayi yaƙin da Girkawa ke yi da Turkawa. Ya tambayi luguden wutar da jiragen ruwan Ingila suka yi wa birnin Aljazair a 1816. Sannan ya zo kan Indiya: ku ne kuka fi sauran Nasara ƙarfi, kun kuma mallake Indiya duka. Clapperton ya ce ba mallakewa ba ce, kariya suke ba ta da dokoki na gari, har ma sarakunan Musulmi da yawa ne suka nemi shiga inuwarsu da kansu. Ina ganin ya yarda da abin da ya faɗa, haka aka koya masa. Amma ba gaskiyar lamarin ba ke nan. Tun 1757 kamfanin cinikin Ingila ya fara cin Bengal da yaƙi, a 1799 sojojinsa suka kashe Sarki Tipu na Maisur, kafin 1824 kuwa sarkin Mughal a Delhi ya koma mai karɓar albashi daga hannunsu. Bello ya yi tambaya ta gaskiya, aka ba shi amsa ta lallashi, ya yi shiru bai ja ba. Duk abin da ya faru daga baya yana da saiwa a wannan shirun.

Inda suka sami bakin zare shi ne cinikin bayi, ko da yake kowa da dalilinsa. Ingila ta haramta wa 'yan ƙasarta safarar bayi a 1807, bayan ta daɗe tana kan gaba a wannan ciniki, tana kuma neman a toshe shi daga tushe. Clapperton ya gaya wa Bello cewa babu bawa a Ingila, ma'aikaci lada ake biyansa. Haka ne a kan tsibirin, amma a gonakin rake na Jamaika bayi na nan suna aiki, dokar 'yanta su sai 1833. A nasa ɓangaren, Bello yana mulkin daula mai cike da bayi a gonaki da gidaje da kasuwanni, bai kuma yi niyyar rushe wannan ba. Abin da ke damunsa shi ne a kama Musulmi ɗa a sayar, ya bi ta ƙasar Yarbawa ya ƙare a jirgin Nasara. Bautar da 'ya'ya na cikin laifuffukan da masu jihadi suka tuhumi sarakunan Haɓe da su. Babu wanda hannunsa yake fari a cikin ɓangarorin biyu, amma sun sami wuri ɗaya da buƙatunsu suka haɗu, wannan kuwa ya isa a ƙulla magana.

A watan Ramalan 1239 Bello ya rubuta wa Sarki George na Huɗu wasiƙa da Larabci. Ya ce zai hana fatake fitar da bayi zuwa bakin teku. Ya nemi a aiko masa da jakada da likita su zauna a ƙasarsa, da igwa biyu da albarushi da harsashi, a kuma buɗe ciniki. Wasiƙa ce ta sarki zuwa ga sarki, babu fadanci, babu raini. Ya haɗa wa Clapperton da taswirar ƙasa da wani yanki na littafinsa mai bayanin ƙasashen Sudan. Abu ɗaya ya hana shi: zuwa Yawuri da Nufe ya bi kogin Kwara, wanda shi ne ainihin abin da ya fito nema. Bello ya ce hanyar ba ta da lafiya saboda yaƙi. Clapperton ya zargi fataken Larabawa da zuga, don suna tsoron ciniki ya karkata daga Sahara ya koma teku. Wataƙila da hannunsu, amma sarkin da ya yi tambayar Indiya ba ya buƙatar mai zuga kafin ya yi jinkirin nuna wa hafsan jirgin ruwa hanyar kogi. Ranar 4 ga Mayu 1824 suka yi sallama cikin mutunci.

Gwamnatin Ingila ta ɗauki wasiƙar da muhimmanci. Clapperton ya isa gida a watan Yuni 1825, kafin Agusta ya ƙare Lord Bathurst, ministan harkokin yaƙi da na ƙasashen mallaka, ya sake turo shi, wannan karon ta teku. Ya taho da Kyaftin Pearce, da likitoci biyu, Morrison da Dickson, da yaronsa Richard Lander, da wani dattijo Bahaushe mai suna Abubakar, wanda Turawa ke kira Pasko, da ya yi aiki a jiragensu ya zama tafinta. A bakin teku suka nemi manzannin Bello ba su gani ba. Suka tambayi Raka da Funda, garuruwan da aka ambata a matsayin mahaɗa, babu wanda ya san su, don can cikin ƙasa suke, nesa da teku. An ƙulla alkawari a kan taswirar da ɓangarorin biyu ba su gama sani ba. Suka tashi daga Badagiri a watan Disamba. Cikin 'yan makonni zazzaɓi ya kashe Pearce da Morrison. Dickson ya bi ta Dahomey, ba a sake ganinsa ba. Likitan da Bello ya roƙa bai iso ba ke nan.

Clapperton ya ratsa tsohuwar Oyo, ya ga Busa inda Bature matafiyi Mungo Park ya halaka, ya ƙetare Kwara, ya bi ta Nufe da Zariya ya iso Kano a watan Yuli 1826. Ƙasar da ya dawo ba ita ce ya bari ba. Zaman lafiya tsakanin Sakkwato da Barno ya warware, Shehu Laminu na shirin yaƙi. A watan Oktoba ya iske Bello a sansani yana yaƙar Gobirawa a Konya. An karɓe shi hannu biyu-biyu. Cikin kyautar da ya kawo har da littattafan Larabci: Alƙur'ani, da Zabura, da Linjila, da littafin Ibn Sina, da na Uƙlidis na ilimin handasa. Wata safiya ya shiga ya tarar da Bello zaune da Uƙlidis a gabansa. Bello ya gaya masa cewa gidansu na da irinsa da wani ɗan'uwa ya kawo daga Makka, gobara ta cinye shi bara, don haka yana godiya ga Sarkin Ingila. A duk tarihin mutanen nan biyu babu zaman da ya fi wannan taɓa zuciya, ga shi kuwa yana dab da ɓacin komai.

A cikin kayan Clapperton akwai wasiƙar gwamnatinsa zuwa ga Shehun Barno, da kyaututtuka, har da makamai. A London wannan ladabi ne ga sarkin da ya karɓi baƙinsu. A Sakkwato kuwa kai wa abokin gaba bindiga ne ana tsakiyar yaƙi. An kuma gaya wa Clapperton cewa tun zuwansa na farko wata takarda ta zo daga Barno tana gargaɗi cewa Ingilishi ɗaya ɗaya suke zuwa, in sun yi ƙarfi su ƙwace ƙasa yadda suka yi wa Indiya. Ya ƙaryata, ya nemi a nuna masa takardar, ba a nuna ba. A watan Disamba Bello ya sa aka kawo Lander daga Kano da sauran kaya ba da sanin ubangidansa ba. Ya karɓe wasiƙar Shehu, aka kwashe makaman, aka ce wa Clapperton Barno ba ta zuwu, sai dai ya zaɓi wata hanya ya koma gida. Clapperton ya fusata, ya gaya wa Giɗaɗo, mutumin da ya riƙe shi kamar ɗan'uwa, cewa abin da suka yi fashi ne da cin amana.

Kowannensu na da hujja. Taɓa wasiƙar manzo ba ƙaramin abu ba ne, a wurin Musulmi da Nasara duka. Amma babu sarkin da zai bar bindiga ta ratsa gidansa zuwa hannun mai shirin auka wa Kano, Shehu Laminu kuwa ya auka ɗin a farkon 1827, sai da Yakubun Bauchi ya tare shi ya mayar da shi. Laifin da na fi gani na waɗanda suka shirya tafiyar ne, da suka ɗauka manzo ɗaya zai iya riƙe saƙon sarakuna biyu ba tare da an tambayi yadda suke da juna ba. Clapperton kuma, duk da jarumtarsa, ya kasa tsayawa inda Bello yake tsaye ya duba. Shi mutuncinsa yake gani, Bello kuwa ƙasa yake tsaro.

Daga nan zumunci ya yi sanyi. A watan Maris 1827 atuni ya kwantar da Clapperton, Lander yana jinyarsa a ɗaki mai tsananin zafi. Ya rasu ranar 13 ga Afrilu yana da shekara 38. Bello ya ba da izinin binne shi, ya aika da masu haƙa kabari. Aka ɗora gawar a kan raƙumi, an lulluɓe ta da tutar Ingila, aka kai wani ƙauye a wajen gari, Lander ya karanta masa addu'ar addininsu. Sarkin ya sallami Lander, ya isa Ingila a 1828 da takardun ubangidansa. A 1830 ya dawo tare da ƙanensa John, suka bi Kwara a kwale-kwale daga Busa har teku, ƙofar da Bello ya ƙi nunawa ta buɗe.

Jakadan bai taɓa zuwa ba. Bello ya rasu a Wurno a 1837. A 1853 ɗansa Sarkin Musulmi Aliyu Babba ya ba Bature matafiyi Heinrich Barth takardar aminci ga fataken Ingila. Ranar 15 ga Maris 1903, shekara 79 bayan Abdullahi Bature ya shiga Sakkwato a matsayin baƙo, sojojin Ingila suka ci garin da yaƙi, a watan Yuli kuma suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi. Gwamna Lugga, wanda ya ba da umarnin yaƙin, a Madras ta ƙasar Indiya aka haife shi.