'Yan Fararen Kaya, Maƙwabtan Zangon Kwatano

Ranar Lahadi da hantsi, duk wanda ya zauna a bakin shago a Zangon Kwatano ba zai daɗe ba sai ya ga an wuce da su a kan babur. Ɗan acaɓa, wanda a nan ake kira zemijan, yana gaba da rigarsa ruwan ɗorawa, a bayansa mace cikin doguwar farar riga har idon sawu, da farar hula mai tattara, da goyo, shi ma goyon an sa masa fararen kaya. Amma ƙafa ido ke fara kamawa, domin babu takalmi. Ko kwalta ta ɗau zafi, ko ruwan sama ya cika titi da taɓo, haka za ta sauka ta taka. Mutanen ƙasar Benin suna ce musu Selesti, a Najeriya kuma Sele. Sunan ɗarikar da Faransanci shi ne Christianisme Céleste, wato Kiristancin Sama. A bakin Bahaushe kuwa ba su wuce 'yan fararen kaya ba.

Zango unguwar baƙi ce tun asali, ta Hausawa da Zabarmawa da Dandawa da Yarbawa, kuma kiran salla daga babban masallacinta ne ke raba mata lokutan yini. Ciniki ne ya haɗa mu, mutanen Zango, da waɗannan mutane. Suna son farin yadi mai kyau, suna son turaren wuta da na fesawa, suna sayen kyandir da yawa, kuma duk waɗannan kaya ne da ɗan kasuwar Zango ya san kansu. Tsohuwa za ta tsaya ta ce, "Alaji, fari nake so, wanda ba ya nuna jiki." Shi kuma ya ce, "Mama, ga shi, wannan ko an wanke sau ɗari ba ya dafewa." Shekaru ana wannan mu'amala, amma kaɗan ne a cikinmu suka taɓa tambayar abin da farin yake nufi. Wasu na yi musu kallon bokaye, wasu na cewa ai saura ƙiris su musulunta. Duk biyun ba su san su ba.

Wanda ya kafa ɗarikar kafinta ne, Samuel Bilewu Joseph Oshoffa, haifaffen Porto-Novo a 1909, lokacin ana kiran ƙasar Dahome a ƙarƙashin Faransa. A cocin Metodis ya tashi. Daga baya ya koma fataucin katako, yana shiga dazuzzukan bakin ruwa da kwalekwale. A watan Mayu na 1947 aka yi kusufin rana, kuma labarin da mabiyansa ke bayarwa shi ne a ranar ya ɓata a daji, ya yi wata uku shi kaɗai yana addu'a, ya fito da baiwar warkarwa. Sun yi imani har matattu ya tayar. Ranar 29 ga Satumba 1947, a gidansa na Porto-Novo, ya ce an ba shi umarnin kafa coci, kuma wannan rana ce suke ƙirgawa a matsayin mafarinsu. Sun fara su 'yan tsiraru, akasari talakawa 'yan ƙabilar Gun. Masuntan Gun ɗin ne suka haye da ɗarikar zuwa Makoko a Legas wajen 1950, daga nan ta bazu cikin Yarbawa, har ta kai Sabon Garin Kano da na Zariya. A ƙidayar jama'ar Jamhuriyar Benin ta 2013, kashi 6.7 cikin ɗari na mutanen ƙasar suka ce su Selesti ne, Musulmi kashi 27.7, Katolika kashi 25.5. Duk da wannan yawa, cocinsu na unguwa galibi ƙarami ne, wani ma rumfar kwano ce a kan rairayi, kowa ya san kowa, kowa ya san wanda bai zo ba.

Saƙon da Oshoffa ya ce an aiko shi da shi yana da alaƙa da ƙasar da ya tashi a ciki. Kudancin Benin gidan Vodun ne, bautar gargajiya mai ɗakunan tsafi da masu duba da yanka. A ganinsa, Kiristoci da yawa suna zuwa coci da safe, idan ciwo ko rashin haihuwa ko karayar arziki ya matsa sai su lallaɓa wurin boka da dare. Saboda haka dokar farko a ɗarikarsa ita ce yanke hulɗa da tsafi gaba ɗaya: ba laya, ba guru, ba ƙungiyar asiri, ba cin naman da aka yanka wa gunki. Sai dai bai raba mutum da abin da ya dogara da shi ya bar shi hannu sake ba. Ya ba shi ruwan da aka yi wa addu'a, da kyandir, da turare, da ganyen kwakwar manja, da wanda zai saurari damuwarsa. A nan ne, a ganina, sirrin bunƙasarsu yake, kuma a nan ne sauran Kiristoci suka fi sukarsu, suna cewa tsohon abu ne aka sa wa farar riga. Su kuwa suna amsawa da cewa komai nasu da sunan Yesu ake yi, kuma ba su zubar da jinin dabba.

Sauran dokokin duk a kan tsarki suke. Ɗan Sele ba ya shan giya, ba ya shan taba ko shaƙa ta, ba ya cin naman alade. Ba ya sa jan kaya ko baƙi, sai fa idan aikinsa ne ya tilasta masa, kamar lauya ko ɗan sanda. Kyandir mai launi haramun ne, fari kaɗai ake kunnawa. Rigar ibadarsu sunanta sutana, kuma muddin tana jikin mutum to ba shi ba takalmi, ko a cikin coci yake ko a tasha. Hujjarsu ita ce Annabi Musa, da aka umarce shi ya tuɓe takalmansa a wuri mai tsarki, labarin da ke cikin Littafin Fitowa, wanda duk almajirin da ya kai Suratu Ɗaha ya san shi. Farin kuma daga babi na 4 na Ru'uyar Yohanna suka ɗauko shi, inda aka siffanta dattawa cikin fararen tufafi da fitilu bakwai a gaban kursiyi. Abin da suke nufi da Kiristancin Sama ke nan: suna ganin ibadarsu kwaikwayo ce ta yadda mala'iku ke bauta a sama, don haka ba su yarda a ƙara ko a rage wani abu a tsarinta ba.

Musulmin da ya leƙa cocinsu zai ga abubuwan da ba baƙi ba ne a gare shi. Takalma na jibge a waje. A bakin ƙofa akwai ruwa da ake taɓawa a shafa kafin a shiga. Maza na gefe guda, mata na ɗaya gefen, ko miji da matarsa ba su zama kusa da juna. Kan kowace mace a rufe yake. Da an kaɗa ƙararrawa sai kowa ya durƙusa ya kai goshinsa ƙasa, hayaƙin turare na tashi, kyandirori bakwai na ci a kan bagade. Ana buɗewa da Zabura ta 51, ta neman gafara, da ta 24. Ranar da na fara ganin sahun mutane cikin fararen kaya, ƙafa ba takalmi, goshi a ƙasa, sai da jikina ya yi sanyi, don idona ya saba da wannan siffa tun ina yaro.

Amma kamannin a nan ya tsaya. Da an miƙe sai ganguna da kakaki su ɗauka, a shiga waƙa da Gunanci da Yarbanci da Faransanci, ana rawa ana juyi har sutana ta buɗe kamar laima. Waƙoƙin nan, a imaninsu, ba mutum ne ya tsara su ba, wahayinsu aka yi wa wasu a cikinsu. Suna ɗaga murya da Halleluya sau bakwai suna fuskantar kusurwoyi huɗu na duniya, suna ambaton mala'iku Mika'ilu da Jibrilu da Rafayel da Uriyel. Aƙidarsu ta Kirista ce tsantsa: Triniti, da gicciye, da tashin Yesu daga matattu. Wanda zai shiga ɗarikar sai an nutsar da shi a ruwa mai gudu, ko da an taɓa yi masa baftisma a wani coci. Hidimar Lahadi na farawa da ƙarfe goma, kuma tana iya kaiwa la'asar. Akwai ta Laraba da ta Juma'a, akwai kuma kwanan zaune a daren Alhamis ta farkon kowane wata.

Kusan kowane coci yana da fili a gefe, an share shi an zuba farin rairayi, an kafa gicciye. Nan ne wurin roƙo. Nan kuma ake samun masu gani, maza da mata, waɗanda jikinsu ke karkarwa idan, a faɗarsu, Ruhu Mai Tsarki ya sauko musu. Mai gani zai yi ta magana, wani na gefe da takarda yana rubutawa, sannan a gaya wa mai matsala abin da zai kawo: kyandir uku ko bakwai, kwakwa, ayaba, lemo, bokitin ruwa, sabon soso da sabulu. Wani a ce ya je ya yi wanka a rafi. Wani a ce kada ya koma gida, ya kwana uku ko bakwai a harabar coci a kan tabarma har haɗarin da aka hango masa ya wuce. Ban yarda da wannan gani ba, addinina bai bar mini wurin yarda da shi ba. Amma na ga matar da ta yi shekaru ba haihuwa, dangin miji sun juya mata baya, ta samu inda za a zauna da ita, a kira sunanta a addu'a, a ba ta abinci. Wanda bai taɓa rasa mai sauraronsa ba ba zai gane girman wannan ba.

Dokokin sun fi nauyi a kan mata. Mai haila ba ta sa sutana, ba ta taka harabar coci sai bayan kwana bakwai, sannan ta zo da ruwa da kyandir a yi mata addu'ar tsarkakewa, ta yi wanka. Mai jego sai ta cika arba'in, kamar dai yadda muka sani a gidajenmu. Daga Littafin Firistoci suka ɗauko waɗannan, kamar yadda suka ɗauko haramcin alade. Mace ba ta hawa bagade, ba ta wa'azi, ba ta jagorantar hidima. Duk da haka mata ne suka fi cika coci, kuma da yawa daga masu ganin da ake layi a gabansu mata ne, har babban mutum mai muƙami zai durƙusa ya ji abin da yarinya ta gano masa. Muƙamai kuwa hawa-hawa ne, ana gane su da ɗamara da mayafin kafaɗa da launinsu, kuma ana hawa ne ta hanyar shafewa da mai. Ɗarikar ba ta kori mai mace fiye da ɗaya ba. Oshoffa kansa ya auri mata da yawa, abin da ya ƙara nisanta shi da cocin Turawan mishan, ya kuma kusanta shi da rayuwar mutanen ƙasa.

Ranar suna tasu tana burge ni. A rana ta takwas ake kawo jariri coci, uwar na gida tunda ba ta yi arba'in ba. Ana jera 'ya'yan itatuwa iri bakwai, da zuma da gishiri da sukari da ruwa, a ɗanɗana wa yaro, a yi masa fatan rayuwa mai daɗi da amfani. Sau ɗaya a shekara kuma kowane coci na yin bikin girbi, inda ake tara doya da ayaba da rake da kaji da awaki, a gayyaci maƙwabta, a yi gwanjon kayan don aikin coci.

Tarihinsu bai rasa rauni ba. Bayan shugaban ƙasa na lokacin, Mathieu Kérékou, ya ayyana aƙidar Markisanci a 1974, gwamnati ta sa wa ƙungiyoyin addini ido, kuma a 1976 Oshoffa ya koma Najeriya da zama. A farkon Satumba 1985 ya yi haɗarin mota a hanyar Legas zuwa Ibadan, ya rasu ranar 10 ga watan. An binne shi a Imeko, garin mahaifiyarsa a Jihar Ogun, kusa da iyakar Benin. Daga nan rikicin gado ya tashi. A Najeriya Alexander Abiodun Bada ya hau kujerar, a Porto-Novo kuma aka bi Benoît Agbaossi, bayan su ma aka ci gaba da rarrabuwa da zuwa kotu. Talakan Sele dai bai canza sutanarsa ba, bai sa takalmi ba.

Wanda ke son ganinsu a cike ya jira 24 ga Disamba. Tun kwana biyu kafin nan hanyar da ta tashi daga Kwatano ta nufi Porto-Novo da iyakar Najeriya take cika da motoci da babura, kowa da tabarma da tukunya da jarka, ana tafiya bakin tekun Seme, inda suke taron Kirsimeti tun zamanin Oshoffa. Na Najeriya kuma Imeko suke nufa. A Seme, iyakar ganinka fari ne, daga gindin itatuwan kwakwa har inda igiyar ruwa ke fashewa. Ana kwana a kan rairayi, ana waƙa, kyandirori na ci cikin iskar teku, kowa na kare nasa da tafin hannu. 'Yan kasuwarmu ma ba a barin su a baya, mai tsire da mai shayi da mai turare duk suna bin sawu, don taro irin wannan ba ya rasa mai jin yunwa. Washegari da rana sai ka ga suna dawowa ta gadar Kwatano, sutana ta yi jirwaye da gishirin teku, yara na barci a kafaɗa, jarkokin ruwan addu'a ɗaure a bayan babur, rairayin Seme har yanzu manne a ƙafafunsu.