Cire tsohon parabol daga rufi: a kula da ramukan da zai bari

A Sokode da Dapaong, gidaje da yawa na ɗauke da tsohon parabol a kan kwano, an daina kallo da shi, tsatsa ta ci ƙafarsa. Iskar farkon damina, wadda kan iso Sokode tun watan Afrilu, tana kama farantin ta girgiza shi har notoci su faɗaɗa ramukansu.

Kafin a hau, a cire dikoda daga wuta. A hau da safe, kwano bai yi zafi ba, a taka inda layin ƙusoshi yake, domin nan ne katako ke ƙasa. Notin da ya ƙi juyawa a ɗiga masa baƙin mai a jira. Fizga yaga kwano take yi.

Babban aikin yana bayan saukarwa. Kowane rami, har da wanda waya ta bi, a kankare tsatsarsa, a toshe da silikon, a ɗora guntun kwano. Masu motocin kwana a Turai ma da wannan yoyon suke fama. Faranti kuwa, masu sayen tsohon ƙarfe na karɓa.