Yadda Ake Shirya Sabuwar A-kori-kura Domin Jan Kaya Mai Nauyi

1.0 Gabatarwa

A ranin da ya wuce wani kawuna da ke noma a wajen Garaku ya sayar da tsohuwar motarsa, ya haɗa da kuɗin doya da riɗi, ya sayi sabuwar a-kori-kura mai shan fetur. Niyyarsa ita ce ya riƙa jan tankin ruwa mai ɗaukar lita 2,000 daga Keffi zuwa gonarsa. Kwana uku da isowar motar ya kira mai walda domin a lanƙaya mata ƙugiya a baya. Da ya ba ni littafin motar in fassara masa, sai na tarar da abubuwan da suka sa na ce, “Kawu, a dakata tukuna.” Abin da na karanta da abin da na jiyo daga bakin makanikai shi ne zan yi ƙoƙarin bayyanawa a wannan maƙala. Ni ba da Hausa na buɗi baki ba, a kasuwa da aji na koye ta, don haka aikin ya zame mini darasi biyu: na mota da na harshe.

2.0 Ma'anar Wasu Kalmomi

A-kori-kura harɗaɗɗen suna ne, wato jimla ce ta dunƙule ta zama suna. Kura a nan ba ta daji ba ce, amalanken nan ne da ake turawa da hannu. Da ƙananan motocin ɗaukar kaya suka shigo suka ƙwace wa masu tura kura ciniki, sai Bahaushe ya raɗa musu wannan suna. Iyayenmu sun fi sanin ƙirar Peugeot 404 da 504, waɗanda aka riƙa harhaɗawa a masana'antar Kaduna da aka buɗe a 1975. A yau Toyota Hilux, wadda aka fara ƙerawa a Japan a 1968, ita ce ta fi yawa a hanyoyinmu.

A Amurka da Ostiraliya mutane kan ja wani ɗaki mai taya, da gado da madafa a ciki, su tafi yawon shaƙatawa. Sunan da ya dace da shi a Hausa shi ne tafi-da-gidanka, sunan da daga baya aka ara wa wayar hannu. Mu a nan ba ɗaki muke ja ba. Tankin ruwa muke ja, da janareta, da injin kwaɓa siminti, da ƙaramar tirelar doya, da motar da ta mutu a hanya. Amma ƙa'idar jan ɗaya ce. Mai fassara ya kuma lura cewa abin da Ba'amurke ke kira gas fetur ne, alhali a Nijeriya gas iskar nan ce da ake ɗurawa a tukunya.

3.0 Sabuwar Mota Sai an Horar da Ita

Ƙarafan cikin sabon inji da giya da birki ba su gama sabawa da juna ba. Suna buƙatar su goga juna a hankali har kowanne ya zauna daidai. Shi ya sa littattafan motocin Toyota da yawa suka hana jan tirela kafin mota ta yi kilomita 800, kamfanin Ford kuwa kan ce kilomita 1,600. A cikin wannan lokaci ba a son gudu mai tsanani, ko fizgar mota, ko taka birki da ƙarfi ba dalili, ko kuma doguwar tafiya a kan gudu guda ba sauyi. Daga Keffi zuwa Abuja kimanin kilomita 50 ne, ke nan zuwa da dawowa sau takwas ya isa a cika kilomita 800. Wanda ya ƙi wannan ɗan haƙuri, haƙoran giyar baya za su yi zafi su fara kuka, kuma idan aka gano ya saɓa wa littafi kamfani na iya ƙin gyara masa kyauta. Sauri ya haifi nawa.

4.0 Lissafin Nauyi

Wannan shi ne ginshiƙin al'amarin. Kowace mota tana da iyakoki guda uku da kamfani ya rubuta a littafinta ko a wani ɗan allo da ke jikin ƙofar direba: nauyin da za ta iya ɗauka a bayanta, da nauyin da za ta iya ja, da kuma jimillar nauyin mota da tirela gaba ɗaya.

Motar fetur da ta dizal ba ɗaya suke ba wajen ja. Injin dizal yana ba da ƙarfin murɗa taya tun yana juyawa a hankali, na fetur kuwa sai an taka shi ya yi ƙara. Misali, a Ostiraliya an yarje wa Hilux mai injin fetur na lita 2.7 ta ja kilo 2,500, amma wasu masu injin dizal na lita 2.8 suna kai kilo 3,500. Wannan kuma sai idan tirelar tana da nata birkin. Idan ba ta da shi, iyakar ita ce kilo 750 kacal.

To, bari mu auna tankin kawu. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, don haka lita 2,000 kilo 2,000 ne. Mu ƙaddara tankin ƙarfe da tirelar da ke ɗauke da shi sun kai kilo 600. Jimilla kilo 2,600 ke nan, ya zarce 2,500. Uwa-uba tirelar ba ta da birki, wato ya ninka abin da aka yarda fiye da sau uku.

Akwai kuma nauyin da bakin tirela ke dannawa a kan ƙugiya. Ana so ya kasance wajen kashi 10 cikin 100 na nauyin tirelar. Idan tirela kilo 2,000 ce, to kilo 200 na zaune a bayan mota, kuma dole a cire shi daga abin da motar za ta ɗauka. Haka nan a cire nauyin direba da yaran mota da buhunan taki. Wanda ya mayar da motarsa mai amfani da iskar gas, kamar yadda mutane da yawa suka yi bayan cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, shi ma ya sa nauyin tukunyar a lissafi.

5.0 Ƙugiya da Sarƙa da Fitilu

Ba a ɗaura tirela a jikin bamba, domin ba don ja aka yi ta ba. Ƙugiyar kirki ita ce wadda aka ɗaure da noti a jikin shasi, a ramukan da kamfani ya tanada, kuma an rubuta nauyin da za ta iya ja a jikinta. Yi wa shasi walda yana raunana ƙarfen a daidai wurin da ake buƙatar ƙarfinsa. Bayan ƙugiya sai sarƙoƙi biyu da za a gitta su a ƙarƙashin bakin tirela, ta yadda ko ƙugiya ta kuɓuce, bakin zai faɗa a kan sarƙa maimakon ya soki kwalta. Sai a jona wayar fitilu, domin tirela tana rufe fitilun motar da ke janta. A sa wani ya tsaya a baya ya tabbatar fitilar birki da sigina suna kamawa. Idan tirela ta fi motar faɗi, a ƙara wa madubin gefe tsawo.

6.0 Taya da Birki da Ruwan Inji

A jikin kowace taya akwai lambobin da ya kamata direba ya iya karantawa. Lambobi huɗu na ƙarshe a layin shaidar masana'anta suna nuna mako da shekarar da aka yi ta: 2423 na nufin mako na 24 na shekarar 2023. Akwai kuma lambar nauyi: 104 na nufin tayar na ɗaukar kilo 900, 112 kuwa kilo 1,120. Sau da yawa motar sabuwa ce amma tayoyin tirelar kwance ne da suka shekara goma a rana. A auna iska da safe kafin taya ta yi zafi, a kuma bi ma'aunin cikakken lodi da ke jikin ƙofa. Kada a manta da safaya ta tirela da jak da waigi.

Jan kaya yana cikin abin da kamfanoni ke kira aiki mai tsanani, saboda haka ana juye baƙin mai da wuri fiye da yadda aka saba. A duba ruwan lagireto da fanbel, musamman a zafin watan Maris da Afrilu, a kuma riƙa kakkaɓe matatar iska lokacin ƙurar hunturu. Idan motar otomatik ce, zafi shi ne babban maƙiyin man giyarta. Wasu motocin suna da maɓalli na musamman domin jan kaya, wasu kuma sai an ƙara musu na'urar sanyaya man.

7.0 Lodi da Tuƙi a Hanyoyinmu

A ɗora wajen kashi 60 cikin 100 na kaya a gaban tayoyin tirela, mai nauyi a ƙasa, a ɗaure tamau. Idan nauyi ya koma baya, tirela za ta fara rawa hagu da dama har ta rinjayi motar. In haka ta faru, kada direba ya danna birki da ƙarfi ko ya yi ta murɗa sitiyari. Ya ɗaga ƙafa daga totur, ya riƙe sitiyari sak, har gudun ya ragu. Ruwa yana da tasa matsalar: tankin da aka cika rabi ya fi cikakke haɗari, domin ruwan zai riƙa tambal-tambal yana tunkuɗar motar a duk lokacin da aka taka birki ko aka sha kwana.

Duk wanda ya saba bin hanyar Akwanga zuwa Lafiya ya san tsaunukan Nasarawa Eggon, wanda kuma ke shiga Abuja ya san gangaren Kugbo da cunkoson Mararaba da Nyanya. A irin waɗannan wurare ana sauka ne da giyar da aka hau da ita, a bar inji ya riƙe motar. Direban da ya sa firi don ya tsimi mai ya bar wa birki dukkan aikin, birki kuwa idan ya yi zafi sai ya daina kamawa. Mayar da hanyar Keffi zuwa Makurdi tagwaye ya sa tafiya ta yi daɗi, amma santsin kwalta yana ruɗin direba. A tuna cewa idan gudu ya ninka sau biyu, nisan da mota za ta ci kafin ta tsaya yakan ninka sau huɗu. Littafin ƙa'idojin hanya na Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ya ƙayyade wa motar da ke jan wata kilomita 45 a awa. A farkon tafiya, bayan 'yan kilomitoci, a tsaya a sake duba ƙugiya da notocin taya da igiyoyin lodi.

8.0 Kammalawa

A ƙarshe kawu ya sallami mai walda. Ya yi mako uku yana zirga-zirga da motar ba tirela har ta cika kilomita 800, ya sayi ƙugiyar da aka yi domin ƙirar motarsa, ya canza tankin da mai lita 1,500, aka kuma sa wa tirelar birki. Da farko ya yi ta ƙorafin cewa yanzu sai ya yi sawu huɗu a inda da zai yi uku. Da muka lissafa kuɗin sawu ɗaya muka kwatanta da kuɗin sabuwar giya, sai ya yi shiru.

Kira na ga 'yan'uwana ɗaliban harshe shi ne, littattafan waɗannan motoci da Ingilishi ko Larabci ko Faransanci suke zuwa, masu tuƙa su a Keffi da Garaku da Akwanga kuwa, ko wane ne yarensu, Hausa ce ke haɗa su a tasha da gareji. Kalmomin suna nan a bakin makanikai da yaran mota. Aikinmu ne mu je mu tattaro su, mu daidaita rubutunsu, mu fassara waɗannan ƙa'idoji yadda mai mota zai karanta ya gane tun kafin ya kira mai walda.